Yadda Aka Fitar da Ruwa Daga Tsakar Gida Mai Laka a Gombe Kafin Shimfiɗa Ciyawar Roba

Gidan da ƙasar da yake kai

Gidan da wannan nazari ya shafa yana gefen gabas na garin Gombe, a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tashi a kan tsofaffin gonaki ta hanyar da ke zuwa Dadin Kowa. Maigidan tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, yana zaune da iyalinsa, da mahaifiyarsa wadda kowa a gidan ke kira Dada, da jikoki ƙanana da ke wuni a wurinsu. Tsakar gidan tana da tsawon mita 9 daga arewa zuwa kudu, da faɗin mita 7 daga gabas zuwa yamma, wato murabba'in mita 63. Ɗakuna sun kewaye ta ta arewa da gabas, katanga ta rufe kudu da yamma, kuma rariya ɗaya ce tak a kusurwar kudu maso yamma, wadda ke sakin ruwa ya gangara zuwa lambatun layi da ke tazarar mita 5 daga katanga. Rufin kwano ne da ba a sa masa magudana ba, saboda haka duk ruwan da ya sauka a ɓangaren da ke kallon ciki, tsakar gida yake zubowa.

Ƙasar wurin baƙar laka ce, irin wadda manoma suka sani da riƙe danshi har auduga da dawa su yi kyau a kanta, injiniyoyi kuma suka sani da fasa gini da lalata titi. Akwai irinta da yawa a Jihar Gombe, musamman wajen Deba, inda masu bincike daga jami'o'i suka saba zuwa ɗibar samfurinta. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, ba su kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma wannan nau'in yana ɗauke da wani ma'adini da ake kira montmorilonait, wanda ke shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke. Shi ya sa da rani ƙasar gidan kan dare har babba ya iya zura yatsunsa huɗu a tsagar, da damina kuwa tsagogin su rufe ruf, ƙasar ta koma taɓo mai kama takalmi. Ruwan da Gombe ke samu a shekara bai kai na Jos ko Kaduna ba, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba yake sauka, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Lokacin da aka gina gidan an yi wa tsakar gidan daɓen siminti, amma bai cika damina uku ba ya tsattsage, wani gefe ya ɗaga, wani ya lotsa, har aka fasa shi aka kwashe a 2021. Abin da maigidan yake nema bayan haka ba wani abu mai yawa ba ne: wurin da yara za su yi wasa ba ƙura ba taɓo, kuma Dada ta taka daga ɗakinta zuwa inda take alwala ba tare da tsoron santsi ba.

Mayu zuwa Satumba 2022: shimfiɗar farko

A watan Mayu 2022 maigidan ya sayi ciyawar roba daga wani mai sayar da kayan adon gida, aka haɗa masa da masu shimfiɗawa. Kafin a yi ciniki mai kayan ya juya bayanta ya nuna masa ƙananan hudojin da ke jere a jiki, ya tsiyaya ruwan buta a kai, ruwan ya wuce nan take. Masu aikin sun share tsakar gidan, sun baza yashi mai kaurin santimita 5, sun daidaita shi da katako, sun shimfiɗa ciyawar, sun manne mahaɗarta da gam, suka kafe gefunan da ƙusoshi. A yini biyu aka gama.

Ruwan Yuni bai nuna komai ba, domin tsagogin rani ba su gama rufewa ba, suna shanye abin da ya sauka. Daga tsakiyar Yuli al'amarin ya canza. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi tsakiyar tsakar gidan kan cika, ciyawar ta taso tana lilo a kan ruwa, kuma ko bayan kwana biyu da ɗaukewar ruwa, in aka taka ta sai baƙin ruwa ya ɓulɓulo tsakanin yatsun ƙafa. Zuwa Agusta wari ya fara tashi, gansakuka ta kama gefen katanga, mahaɗa biyu suka ɓalle, uwargida kuma ta ga tsutsotsin sauro a ruwan da ya kwanta a lungun famfo. Sauro ba ya buƙatar fiye da mako ɗaya zuwa kwana 10 daga ƙwai zuwa mai fiffike a irin wannan yanayi, saboda haka ruwan da ke kwana biyar ana ƙara masa wani ya ishe shi. Daminar 2022 ta yi ambaliya a jihohi da yawa na Najeriya, mutanen gidan suka ɗauka yawan ruwan shekarar ne kawai.

A watan Satumba aka naɗe ciyawar. Yashin da ke ƙarƙashinta ya cakuɗe da laka ya zama wani toka-tokan caɓi, a ƙarƙashin bakin kwano kuma ruwan rufi ya kwashe shi gaba ɗaya ya bar layin ramuka. An wanke ciyawar, an shanya ta, aka ajiye a ɗakin ajiya.

Fabrairu zuwa Agusta 2023: ciko da sokawe

Magini aka kira a karo na biyu, dattijo wanda ya daɗe yana aiki a unguwar. Da ya zagaya ya ce, "Alhaji, gidan ne ya yi kwari, ciko yake so, sannan a haƙa wa ruwan inda zai shige." A Fabrairu 2023 aka sassare saman lakar da diga, aka cuɗa ta da sauran yashin da ke wurin don ta saki, aka kawo burji aka zuba mai kaurin santimita 15, leburori suka daɓe shi da madaɓin hannu. Cikon ya binne tsohuwar rariya, aka fasa wata a samanta. Aka kuma haƙa sokawe, wato ramin da ruwa zai taru ya nutse cikin ƙasa, mai tsawo da faɗi da zurfin mita 1.5 kowanne, a tazarar mita 2 daga bangon ɗakin Dada, aka cika shi da manyan duwatsu da fasassun bulo, aka rufe bakinsa da raga. Wannan karon maigidan bai yarda a mayar da ciyawar ba, ya ce sai ya ga damina.

Sokawen ya karɓi ruwan farko da na biyu. A na uku ya cika, kuma daga ƙarshen Yuni har Oktoba bai sake sauka fiye da tafin hannu ba. Burjin ya zauna ba daidai ba, tsakiya ta sake lotsawa, inda aka cuɗa yashi da laka kuma ya ƙanƙame da ya bushe har diga na tsalle a kansa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cikon ya ɗaga tsakar gidan har saura santimita 4 ta kai dokin ƙofa. A wani dare cikin Yuli ruwa ya shiga ɗakin Dada ya jiƙa darduma da katifa, aka kwana ana kwalfewa. Zuwa Agusta danshi ya hau bangon ɗakin har kusan gwiwa, fenti yana ɓarewa, kuma wata tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara a karkace ta nufi wajen sokawen.

Agusta zuwa Satumba 2023: awo

Ɗan ƙanen maigidan, wanda ke aikin awo a wajen masu gina hanyoyi, shi ya karɓi lamarin daga nan. Abin da ya fara roƙa shi ne, "Baffa, ku yi haƙuri kada a sake sayen komai, sai na ga ruwan da idona yana sauka." Ya zo a ranar da hadari ya haɗu, ya tsaya a baranda har aka ɗauke, yana lura da inda ruwa ke faɗowa, da inda yake bi, da inda yake tsayawa. Ya ɗora gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a kan katanga, nesa da bakin kwano, bayan ruwan ya auna abin da ya taru a ciki, ya sami santimita 4, wato milimita 40.

Lissafin da ya biyo baya mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Ɓangaren rufin da ke zuba ciki ya kai murabba'in mita 110, in an haɗa da 63 na tsakar gida ya zama 173. Ruwan wannan rana kaɗai ya kawo lita 6,920, kusan durom 35 na lita 200, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga kwano ya fito. Sokawen kuwa, ko da yake raminsa ya ɗan haura kubik mita 3, duwatsu sun cinye mafi yawan wurin, gurbin da ya rage wa ruwa bai wuce na lita 1,100 ba.

Daga nan ya gwada yadda ƙasar ke shan ruwa. Ya haƙa ramuka uku a wurare daban-daban, kowanne faɗin santimita 30, ya ratsa burjin har ya shiga lakar asali, ya cika su da ruwa ya bar su suka kwana don ƙasar ta ƙoshi, washegari ya sake cikawa ya kafa tsinke a bakin ruwan. Bayan sa'a 6 ruwan ya sauka da santimita 2 kacal, wato kimanin milimita 3 a sa'a. Ya kuma ɗebi ƙasar gindin ramin, ya murza ta a tafin hannu ta zama siririyar igiya, ya lanƙwasa ta ya haɗa bakunan ta zama zobe ba ta karye ba, ya miƙa wa baffansa. Ƙasar da yashi ya yi yawa a cikinta ba ta kaiwa nan, tun a murzawa take wargajewa.

Awon ƙarshe shi ne na tudu da kwari, kuma da siririn tiyo wanda ake ganin ruwa ta jikinsa aka yi shi, irin wanda magina ke daidaita linta da shi. In aka cika tiyon da ruwa aka ɗaga bakunansa biyu, ruwan kan tsaya a tsayi ɗaya a kowane baki, komai nisan da ke tsakaninsu. Ya ɗauki dokin ƙofar ɗakin Dada a matsayin ma'auni, ya kafa turaku a kowace mita 2, ya rubuta tazarar kowanne. Abu biyu suka fito. Bakin sabuwar rariya ya fi tsakiyar tsakar gidan tudu da santimita 6, ma'ana ruwa ba zai fara fita ba sai ya taru ya haura hakan. Na biyu, gindin lambatun layi yana ƙasa da dokin ƙofar da santimita 85. A kan wannan santimita 85 aka tsara duk aikin da ya biyo baya.

Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: aikin gyara

An jira har Nuwamba, lokacin da lakar ta tsane amma ba ta kai ga ƙanƙamewa ba. Jiƙaƙƙiyar laka ba ta daɓuwa, turmutsawa take yi ta shafe kanta, busasshiya ƙarau kuma tana fitowa ne a manyan hoge da ke wahalar daidaitawa.

Da rufi aka fara. An sa wa bakin kwanon magudana a ɓangarorin biyu, aka haɗa ta da bututun roba mai inci 4. Ɗaya reshen yana zuba a tankin lita 2,000 da aka ɗora kan dakali, wanda in ya cika rarar ke komawa cikin bututun, kuma a garin da gidaje da yawa ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa da motocin tanka wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Babban bututun rufin, wanda ba shi da huda ko ɗaya, an binne shi shi kaɗai har bakin lambatu.

Sai sokawe. An kwalfe shi, an kwashe duwatsun, aka mayar da lakar wurin a hankali, ana zuba santimita 15 ana daɓewa kafin a ƙara wata. Tsagar bangon ɗakin Dada ba a cike ta ba, an ja layi biyu da fensir a gefe da gefenta, aka auna tazararsu, aka rubuta kwanan wata a jikin bango don a riƙa dubawa.

Bayan haka aka kwashe burjin duka da saman lakar, kimanin kubik mita 20, wanda da izinin mai unguwa aka cike ramukan layi da shi. An sassaƙe lakar da ta rage ta yadda za ta gangara daga ɗakuna zuwa yamma da santimita 2 a kowace mita. A jikin ɗakuna tana ƙasa da dokin ƙofa da santimita 30, bayan mita 6 kuma ta kai 42. A nan aka ja rami mai faɗin santimita 30 daga arewa zuwa kudu, aka bar kusan mita 1 tsakaninsa da katanga don kada a taɓa harsashinta, aka karkato wannan mitar ita ma zuwa ramin. Gindin bututun ya fara daga santimita 57 a ƙarshen arewa, yana sauka da santimita 1 a kowace mita, mita 9 a cikin gida da mita 5 a waje, ya faɗa lambatu a santimita 71, wato santimita 14 sama da gindin lambatun. Da an zurfafa ramin fiye da haka, da bakin bututun ya nutse a cikin yashi da sharar da ke kwanciya a lambatu, shi ya sa aka bar shi sama-sama, aka kuma yi sharaɗin cewa mota ba za ta shiga tsakar gidan ba.

An shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri da masu aikin hanya ke kira jiyotestil a kan lakar duka har cikin ramin. Ruwa yana ratsa shi, ƙasa ba ta ratsawa, aikinsa shi ne hana tsakuwa nutsewa cikin laka da hana laka hawowa ta toshe tsakuwa, wato abin da ya sami yashin 2022. Maginin, wanda aka ci gaba da aikin da shi, ya kawo shawarar a sa leda mai kauri don rage kuɗi, aka nuna masa cewa tsakuwa mai kaifi za ta huda ta, ruwan da ya shiga ƙarƙashinta kuma ba zai sami hanyar fita ba.

Bututun cikin gida na roba ne mai inci 4, aka huda shi da na'ura layi biyu, huda mai faɗin milimita 10 a kowace santimita 10. A nan ma an yi 'yar muhawara. Maginin ya ce, "Injiniya, ai ruwa daga sama yake zuwa, me zai sa a kifa hudojin?" Amsar ita ce ruwan da ya ratsa tsakuwa gindin rami yake fara sauka, daga nan ya riƙa tasowa, in hudojin suna ƙasa zai shiga bututun tun yana kaɗan, in suna sama kuwa sai ramin ya cika ya kai bayan bututun kafin ɗigo ɗaya ya fita. An kwantar da shi a kan tsakuwa mai kaurin santimita 5, hudojin suna kallon ƙasa ta gefe da gefe, aka rufe shi da tsakuwa. A ƙarshen arewa an ɗago masa baki mai murfi don a riƙa zura tiyo ana wanke shi, a kusurwar kudu an gina ƙaramin akwatin siminti mai murfi inda yashi zai kwanta a kwashe, a bakin lambatu kuma an sa raga saboda ɓeraye da macizai, da wani murfi mai lilo da ke buɗewa waje kawai.

Tifar tsakuwa ta farko da aka kawo cike take da gari da jar ƙasa, sai da aka tankaɗe ta da raga aka wanke wadda za ta kewaye bututu, abin da ya ci kwana huɗu. An zaɓi fasasshen dutse maimakon mulmulalliyar tsakuwar rafi, domin mai kusurwa tana cije juna in an daɓe ta, mulmulalliya kuwa zamewa take yi a ƙarƙashin ƙafa. An zuba santimita 12 a hawa biyu, ana bin kowane hawa da injin daɓe na haya, aka ɗora santimita 3 na ƙananan tsakuwa a sama. A jikin ɗakuna an zuba kankare mai faɗin santimita 60 da ke karkata zuwa tsakar gida, don ruwa ya nisanci harsashi. Da aka gama, saman aikin yana ƙasa da dokin ƙofa da santimita 15. A Fabrairu aka juye durom 5 na ruwa a kusurwar da ta fi nisa, kafin minti 10 ya fito a lambatu.

Maris zuwa Yuni 2024: jira

Maigidan ya so a shimfiɗa ciyawar kafin Ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu 2024, uwargida ma ta gaji da tsakuwa tana sukar ƙafafun yara. Ɗan ƙanen nasa ya roƙi a ƙara haƙuri, ya ce durom 5 a kan busasshiyar ƙasa ba gwaji ba ne, sai lakar ta sha ta kumbura za a san gaskiyar aikin. Aka shimfiɗa tabarmi a hanyar ɗakin Dada, aka jira.

Ruwan Mayu da na farkon Yuni ya tona abu biyu. Inda tsohon sokawe yake ya zauna da santimita 3, aka buɗe wurin aka ƙara tsakuwa aka sake daɓewa. Wata mahaɗar bututun rufi kuma tana yoyo a kusurwar arewa maso gabas, daidai jikin harsashi, aka sake manne ta. Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni, aka ɗaure raguna a waje, aka yi yanka da wankin kayan ciki a can, domin kitse da jini da fitsarin dabba ba abin da za a bari su shiga tsakuwar ba ne. Saboda wannan dalili aka raba ruwan wanke-wanke da na wanki aka ba su tasu hanyar.

A makon ƙarshe na Yuni aka shimfiɗa ciyawar a kan murabba'in mita 54 da ya rage bayan kankare. Mafi yawan tsohuwar ta yi amfani, aka sayi ƙari kaɗan a madadin inda ta yage. An bar ta a rana ta saki kafin a yanka, an juya gashinta duka ya kalli gefe ɗaya, aka manne mahaɗa a kan ƙyallen haɗi, aka watsa busasshen yashi tankaɗaɗɗe aka share shi ya shige tsakanin gashin don ya danne ta.

Yuli 2024 zuwa Afrilu 2025: sakamako

Daminar 2024 ta yi nauyi a Arewa maso Gabas, ita ce shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a watan Satumba. A wannan gida, a duk ruwan da aka lura da shi, saman ciyawar kan tsane cikin rabin sa'a bayan an ɗauke, bututun kuma ya ci gaba da tsiyaya na wasu sa'o'i. Ruwa bai sake kusantar dokin ƙofa ba, danshin bango ya ja baya, tazarar layukan fensir ba ta ƙaru ba.

Sau ɗaya aka sami cikas, a wani dare cikin Agusta, lokacin da leda da yashi suka toshe lambatun layi a ƙasa da gidan, ya cika ya haura bakin bututun. Murfin mai lilo ya hana ruwan layi shigowa, amma na cikin gida ma bai sami fita ba, ya tsaya a cikin tsakuwa har ya taɓo ciyawar a gefen yamma. Da safe matasan layin suka yashe lambatun, kafin azahar tsakar gidan ta tsane. Tun daga lokacin maigidan ya shiga cikin masu tara kuɗin yashe lambatu kafin damina.

Rani ya zo da nasa. Ƙurar hunturu ta cika tsakanin gashin ciyawar, sai da aka riƙa sharewa da tsintsiya mai tauri, aka kuma wanke ta da ruwa kafin saukar damina don kada hudojin su toshe. Wurin tsohon sokawe ya sake zama da kusan santimita 1, aka ɗaga gefen aka gyara. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40, robar kan yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi daga hantsi har la'asar, aka kafa rumfar raga a rabin wurin. An yi maganar dasa darbejiya don inuwa, aka fasa, domin saiwarta za ta tsotse danshin lakar a gefe ɗaya ta sa ta tsuke kusa da gini, kuma za ta nemi hudojin bututun.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Yunƙurin farko da na biyu sun faɗi ne a kan zato ɗaya, cewa ruwan zai nutse a inda ya sauka. Mai sayar da ciyawa bai yi ƙarya ba da ya ce ruwa na wuce ta, sai dai wucewar ba ta da amfani in abin da ke ƙasa yana shan milimita 3 a sa'a alhali sama na sauke 40. Maginin ma ya faɗi abin da ke aiki a unguwannin da ƙasarsu jigawa ce, inda sokawe ke shanye ruwa cikin dare ɗaya. Ramin da aka haƙa a laka kuwa randa ce, da irin wannan ƙasa ake gina abin ajiye ruwa. Sokawen nan bai tsaya ga rashin amfani ba, ya tara ruwa wata huɗu a mita 2 daga harsashi, a ƙasar da ke kumbura in ta jiƙe, alhali ƙa'idar da aka saba bi ita ce a nisanta shi da gini da aƙalla mita 5 ko a ƙasa mai shan ruwa. A ganina wannan ne mataki mafi haɗari a duk labarin, domin ciyawar da ta lalace ana sake saye, bangon da ya tsage kuwa gyaransa ya fi haka nisa.

In aka jera matakan gyaran bisa nauyinsu, magudanar kwano ce a gaba, domin ita kaɗai ta ɗauke kusan kashi biyu cikin uku na ruwan kafin ya taɓa ƙasa, kuma ta fi sauran sauƙin kuɗi. Raba bututunta da bututu mai huda shi ma wajibi ne, in ba haka ba ruwan rufi zai cika shi ya fito ta hudojin ya koma cikin lakar da ake son tsanewa. Na biyu shi ne gangaren da aka sassaƙa a jikin lakar kanta, ba a saman tsakuwa kawai ba, domin a kan lakar ruwan ke gudu bayan ya ratsa duk abin da ke sama. Bututu da ƙyalle da tsakuwa sun biyo baya, kuma ba za su yi komai ba da ba a auna an tabbatar akwai inda ya fi su kwari da zai karɓi ruwan ba. Watanni huɗun da aka yi ana jira sun yi wa iyalin nauyi, amma gyara biyun da aka yi a lokacin da sun zama sai an yanka ciyawa an ɓalle mahaɗa.

Wannan hanya ta yiwu ne saboda lambatun layin yana ƙasa da gidan da santimita 85, kuma yana da inda yake kai ruwansa. Gidaje da yawa a Gombe ba su da wannan, ko dai an ɗaga titi ya fi su tudu, ko kuma babu lambatu sam, kuma sakin ruwan bututu a kan gangare ko a jikin katangar maƙwabci ba mafita ba ce a garin da zaizayar ƙasa ta riga ta ci unguwanni. Mai irin wannan gida zai buƙaci ramin siminti da injin tura ruwa, wanda ke neman wuta a daidai lokacin da hadari ke ɗauke ta. In ba zai iya ɗaukar wannan ba, shawarar da zan ba shi ita ce ya sa magudanar kwano da tanki, ya nisanta ruwa da harsashi, ya shimfiɗa bulon intaloki wanda ake iya ɗagawa a gyara ƙarƙashinsa a mayar duk lokacin da laka ta motsa, ya bar maganar ciyawar roba sai layinsu ya sami lambatu.